Haƙori Tara, Haƙori Sha Ɗaya

Marsandi 911 ɗin maigidanmu ta girme ni, amma injinta OM352 mai silinda shida bai taɓa ba mu kunya ba. Kik, wato na'urar da ke tayar da injin, shi ne ya fara rigima. Ka murɗa makulli ka ji ƙarrr, kamar ana niƙa tsakuwa, injin ko gezau. Sai an sa giya an ɗan jijjiga motar sannan ta tashi.

Ni da gaggawa na ce kik ya mutu. Na tafi Ƙofar Ruwa, kasuwar kayan mota a Kano, hannu rabbana, ko tsohon ban ɗauka ba, na sayo ɗan Beljiyam mai ƙyalli. Ramukan noti sun hau daidai, na ɗaure ina murna. Murɗawa biyu, ƙarar ta fi ta da.

Baba makanike da ke gefenmu ya taso yana goge hannu da tsumma. "Kai yaro, ka ƙirga haƙoran bendis ɗin?" Na ce a'a, Baba. Bendis shi ne ɗan ƙarfe mai haƙora a bakin kik, wanda ke kama zoben filawil, wato babban zobe mai haƙora a bayan injin, ya juya shi. Na tsohon kik haƙora tara, na sabon sha ɗaya, kuma kaurin haƙoran ba ɗaya ba ne, to ta ina za su shiga tsakanin haƙoran zoben? Saman su kawai suke gwaguya.

Ya miƙo mini alli da tocila. Ta ramin kik na shafa wa haƙori ɗaya na zoben alli, yaron mota yana juya injin a hankali da ƙarfe, ni ina leƙe. Zoben lafiya lau sai wurare uku da suka cinye suka zama dungu. Ashe injin mai silinda shida kusan a wurare ukun nan yake tsayawa duk lokacin da aka kashe shi, nan bendis yake sara kullum. Shi ya sa jijjigawa take aiki: tana gusar da zoben zuwa haƙori mai rai.

Dole muka sauke giyabos da kuloci. Muka tsaga tsohon zoben da kurfi, sabon kuma muka ɗora shi kan garwashi har ya buɗe. Baba ya hana a bar shi ya yi ja, ƙarfen zai yi laushi. Gefen da aka fiƙe haƙoran shi ke kallon kik. Saura ƙiris in kifa shi a juye, Baba ya buge mini hannu.

Tsohon kik ɗin, ɗan riwaya ya sauya masa bendis da burushi kawai, shi ke kan motar har yau. Ɗan Beljiyam yana ƙarƙashin benci, kuɗinsa kuma daga aljihuna maigida ya cire.