Mujallar Gotha da zangon fatake

Duk shekara sai na tsaya gaban allo ina gaya wa 'yan aji cewa nahiyoyin duniya a da haɗe suke, daga baya suka rarrabu. Alfred Wegener ne ya buga wannan ra'ayi a 1912, masana suka daɗe suna yi masa dariya. Mujallar da ta ba shi fili ita ce Petermanns Geographische Mitteilungen, ta garin Gotha a Jamus, kuma tana da alaƙa da ƙasarmu fiye da yadda ake zato.

August Petermann ne ya kafa ta a 1855, a kamfanin ɗab'i na Justus Perthes. Gwanin zana taswira ne, amma ba matafiyi ba ne. Yana zaune a teburinsa wasiƙun matafiya suna iso shi, shi kuwa yana mai da su layuka a takarda.

Cikin waɗanda ya zana wa taswira har da Heinrich Barth, matafiyin nan Bajamushe da ake kira Abdulkarim, wanda ya shigo Kano a 1851, daga baya ya bi ta Katsina da Sakkwato har Tumbutu. To amma ba kowace hanya ce Barth ya taka da ƙafarsa ba. Zama yake yi da fatake da alhazai yana tambayarsu: daga nan zuwa Gwanja kwana nawa ne? Zango nawa? Ina ake samun rijiya, ina ake ƙetare kogi? Ilimin madugai ke nan, wanda suka samo a bayan jaki. Sunan da ke kan taswirar kuwa na Petermann ne. Abin yana ɗan ci mini rai, ko da yake aikin nasa ya yi kyau, ba ƙarya.

Inda Petermann ya rasa madugun tambaya kuwa, sai ya kauce. Ya haƙiƙance cewa akwai teku marar ƙanƙara a can ƙuryar arewacin duniya, ya yi ta yayata haka. Jirgin Amurka mai suna Jeannette ya tafi neman wannan teku a 1879, ƙanƙara ta matse shi ya nutse a 1881, mutum 20 cikin 33 suka rasu. Shi Petermann bai ga wannan ba, ya mutu tun 1878.

Bayan yaƙin duniya na biyu Gotha ta faɗa Jamus ta Gabas, gwamnati ta karɓe kamfanin, mujallar dai ba ta mutu ba. Sai a 2004 aka daina buga ta, saura ƙiris ta cika shekara 150.