Suturar baƙin rami

Shekara tara ke nan ina koyar da fiziks a wata sakandare a Argungu. Wata Laraba cikin zafin bazara, ana dab da tashi, na miƙa wa 'yan aji uku wayata su ga wani hoto: zobe ja kamar garwashi, tsakiyarsa duhu. Shi ne hoton da aka fitar ranar 10 ga Afrilu 2019, na baƙin ramin da ke tsakiyar tarin taurarin M87, mai nauyin rana biliyan 6.5, wanda haske ke shafe shekara miliyan 55 kafin ya iso mu daga wajensa. Baƙin rami wuri ne a sararin samaniya da jan nauyi ya yi ƙarfi har ko haske ba ya iya fita daga cikinsa. Waya ta yi ta yawo hannu zuwa hannu har gilashinta ya dusashe da zufar yatsu. Wata yarinya a benci na biyu ta riƙe ta fiye da kowa, sannan ta ɗago kai.

"Malam, to mi ke ciki?"

Na ce mata duhu ne kawai. Aka kaɗa ƙararrawa, kowa ya watse, amma amsar ta tsaya mini a rai, don na san na yi wa tambayarta ƙwange. Na haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, bakin ramin da abin da ke ƙasansa.

Bakin ya fi sauƙin bayani, kuma a kwalekwalen Baffana na fara gane shi. Ina yaro yakan ɗauke ni idan ruwa ya cika da damina. Akwai inda yake daina hira, ya dafe filafili da hannu biyu, jijiyoyin damtsensa su miƙe, ya karkatar da mu gefe tun da sauran nisa. Na taɓa tambayarsa dalili, ga ruwa lumui ba alamar komai. Ya ce, "Ɗana, can gaba ruwa ya fi hannu gudu." Babu igiya a wurin, babu turke, amma daga wani layi tuƙinka ba ya mayar da kai baya. Bakin baƙin rami haka yake, sai dai mai tuƙin a nan haske ne, mai cin kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma shi ma ba ya komowa. Karl Schwarzschild, Bajamushe, shi ya fitar da lissafin da wannan layi ke ciki a 1916, yana soja a fagen yaƙi, watanni kaɗan bayan Einstein ya kammala ka'idarsa da ta ce nauyi lanƙwasa sarari da lokaci yake yi. Da za a matse rana ta koma faɗin kilomita 6, da ta zama baƙin rami. Duniyarmu kuwa sai ta koma ba ta kai goro ɗaya ba.

Abin da ke ƙasa shi ne tambayar yarinyar. Lissafi ya ce duk abin da ya tsallake layin gaba kawai yake yi, har ya kai inda matsi da lanƙwasar sarari ba su da iyaka. Ni maƙura nake ce wa wurin, don a nan ka'idar Einstein ke ƙurewa, ta kasa faɗin abin da zai biyo baya. An daɗe ana zaton maƙura yaudarar takarda ce, wai tana fitowa ne don masu lissafi sun ɗauka tauraron da ya rushe ya haifar da ramin, mulmulalle ne sumul kamar ƙwallo. A 1965 Roger Penrose na Ingila ya rufe wannan ƙofa. Ya tabbatar cewa idan rushewar tauraro ta wuce wani mataki, maƙura dole ce, ko da tauraron a karkace yake. Wannan aiki ne ya ba shi rabin kyautar Nobel ta 2020.

To ga inda gizo ke saƙa. Idan maƙura ta zauna a fili, haske na fitowa daga gare ta yana iso mu, babu wata ka'ida a hannunmu da za ta ce ga abin da zai fito. Amfanin fiziks shi ne ka san halin abu yau ka lissafa gobensa, yadda ake faɗin ranar husufi da sa'arsa shekaru kafin ya zo. Maƙura tsirara za ta yanke wannan zare. Shi ya sa a 1969 Penrose ya kawo hasashen cewa duk maƙurar da rushewar tauraro ta haifar, a bayan layin nan na ba-komowa take ɓuya. Kalmar da ya zaɓa ta tace labari ce, irin aikin masu tace fina-finai. Ni sutura ta fi kwanta mini a kunne, don abin da ake nufi ke nan: an rufa wa wurin asiri.

Sama da shekara 50 ke nan babu wanda ya tabbatar da shi gaba ɗaya, babu kuma wanda ya kayar da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu bincike suka yi ta ƙoƙarin yaye suturar da hannunsu. A 1963 Roy Kerr, mutumin New Zealand, ya samo lissafin ramin da ke juyawa, kuma a cikinsa akwai iyaka: idan juyi ya wuce abin da nauyin ramin zai ɗauka, bakin sai ya ɓace, maƙura ta fito fili. Sai Robert Wald ya ce a 1974, to bari mu ɗauki ramin da ya kai iyakar, mu jefa masa wani abu mai juyi mu tsallakar da shi. Ya zauna ya lissafa. Duk abin da ya ɗauko juyin da zai isa, ta gefe yake wucewa kamar dutsen majajjawa, ba ya faɗawa. Wanda zai iya faɗawa kuwa juyinsa bai isa ba. Na bi wannan lissafi a bayan takardun jarrabawa, da fitilar caji, dare biyu, ina neman inda zan kama kuskure. Sau uku ina canza lambobi, ƙofar na rufewa a daidai wuri ɗaya. Tsigar jikina ta tashi. A 1999 Veronika Hubeny ta nuna kamar akwai kafa idan ramin bai gama kaiwa iyaka ba, amma a 2017 Wald da Jonathan Sorce suka sa tasirin da abin da aka jefa ke yi wa ramin a cikin lissafin, kafar ta toshe.

Ba kullum masu sutura ke nasara ba. A 1991 Stephen Hawking ya yi caca da Kip Thorne da John Preskill cewa maƙura tsirara ba za ta yiwu ba, kuma sharaɗin har da wanda ya faɗi ya saya wa wanda ya ci tufa. A 1993 Matthew Choptuik ya gwada rushewa a kwamfuta, ya ga cewa a daidai kan iyakar da ke tsakanin rami ya samu da ya fasa samuwa, 'yar ƙaramar maƙura na fitowa ba mayafi. Hawking ya amsa kaye a 1997, ya sayi riguna. Sai dai wannan yanayi kamar tsayar da allura ne bisa tsininta, ko numfashi ya kayar da ita. Demetrios Christodoulou ya tabbatar da hakan da lissafi a 1999 ga irin wannan rushewa mai siffar ƙwallo. Don haka yau hasashen ya koma cewa a rushewar da aka saba, ba wadda aka saita da gangan ba, sutura na nan.

Ni dai ina ganin Penrose na da gaskiya, kuma hakan na sa ni baƙin ciki kaɗan. A maƙura ne ka'idar nauyi da ka'idar ƙananan ƙwayoyin halitta ke haɗuwa, abu biyun da har yau ba a daidaita su ba. Wurin da ya fi kowane wuri iya koya mana, shi ne wanda haskensa ba ya zuwa. Ina kuma jan kunnen ɗalibaina kada su ce wannan shi ne gaibu. Maƙura iyakar lissafinmu ce, mu muka tsaya a nan, Allah ne masanin abin da ke gaba.

Ranar Litinin na shiga aji na zana kogi a allo, na ja layi a tsakiyarsa, na sa ɗigo can ƙasa. Na kira yarinyar na ce mata amsar da na ba ta ba ta cika ba, ga cikonta. Na yi bayanin layin da ɗigon, da abin da Wald ya gwada. Ta kwafe zanen cikin littafinta, ta rubuta 1969 kusa da layin, ta ja masa layi biyu. Sannan ta ce, "Malam, wanga lissafi na Wald, a aji nawa ake koya shi?" Na ce sai jami'a, bayan digiri na farko ma. Ta tambayi wane lissafi ake fara sani kafin a kai can, na juya na soma jera mata su a gefen allo.