Kiɗan da ya kusa kai ni ƙarƙashin adaidaita

Shekarar da na fara fita gudun safe a Kaduna, na fi kula da wayata fiye da takalmina. Daren Juma'a sai in zauna in tara waƙoƙi masu zafi, irin waɗanda da an saki gangarsu jiki ke ɗaukar tsuma. Bayan sallar Asuba in cusa iyafis a kunnuwa biyu, in ƙure ƙara, in nufi Murtala Square. Ƙannena da kuka fara motsa jiki yanzu, ga abin da hakan ya jawo mini.

Tun daga ƙofar gida nake sakin waƙar da ta fi kowacce zafi, alhali jiki bai ɗumama ba. Kilomita ta farko kamar an biyo ni da bulala. Kafin ta uku sai suka ta kama ni a ƙasan haƙarƙari, in tsaya in dafa gwiwoyi ina haki. Akwai wani dattijo mai farin gemu da nake wucewa fuuu kowace Asabar, shi kuma ya zo ya tarar da ni a durƙushe, yana sassarfarsa a hankali. Ran nan ya ɗan rage tafiya ya ce, "Sannu ɗana. Wa ke korar ka?" Na ce, "Baba, ba kowa." Ya yi murmushi ya wuce. Mai korata yana cikin kunnena.

Abin haushin, iliminsa yana gidanmu tun kaka da kakanni, ban duba ba. A filin dambe, makaɗi ba ya kaɗa wa ɗan dambe takensa tun safe. Sai ya zo shiga fage ake sakar masa kalangu, a yi masa kirari, ya ɗau tsuma, kamar yadda Ɗan Anace ya riƙa yi wa Shago. Dambe kuwa turmi ne gajere, ana son ƙarfin ya fito gaba ɗaya. To amma je ka wurin gayya ka saurari gangar noma. Ita ba ta hauka. Bugunta yana tafiya daidai da saran fartanya, don mutanen za su wuni a kunya. Gudun kilomita 10 noma ne, ni kuwa na yi ta shigarsa da kiɗan dambe.

Don haka ka raba waƙoƙinka bisa aikin da ke gabanka. Lokacin ɗumama jiki, minti 10 na farko, sa mai sanyi wadda ba za ta ingiza ka ba. Mai zafin nan ka ɓoye ta kamar kuɗin ko-ta-kwana. Amfaninta yana zuwa dab da za ka ɗaga ƙarfe mai nauyi, ko za ka zabura a mita 100, ko a kilomitar ƙarshe lokacin da ƙafa ta fara cewa a koma gida. In ka ji ta kullum, tsumarta gushewa take yi.

Ta tsakiyar gudun ita ce mai buƙatar lissafi, kuma ba shi da wuya. Saki waƙar, ka ƙirga bugun gangarta cikin daƙiƙa 15, ka ninka sau huɗu. Ka samu bugunta a minti ɗaya ke nan. Farfesa Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel da ke Landan, wanda ya daɗe yana bincike kan kiɗa da wasanni, ya nuna cewa yawancin masu motsa jiki sun fi jin daɗin kiɗa mai bugu 120 zuwa 140 a minti. In kuma so kake ƙafarka ta riƙa sauka a kan bugun, sai ka ƙirga takunka ma haka. Mai gudu yakan yi taku wajen 160 zuwa 180 a minti, don haka waƙa mai bugu 85 tana yi masa, taku biyu a kan kowane bugu. Wannan dabarar ce Haile Gebrselassie na Habasha ya yi amfani da ita a Birmingham a 1998, inda aka sakar masa waƙar da ya zaɓa a filin, ya ɗora takunsa a kanta, ya kafa tarihin duniya a tseren mita 2,000 na cikin zaure. Lura, shi ya san takunsa tukuna, sannan ya nemo waƙar da ta dace da shi. Ni kuwa waƙa na zaɓa na ce ƙafa ta bi.

Sauke waƙoƙin a waya tun daga gida. Tsayawa latsa waya a tsakiyar gudu, ko talla ta faɗo maka kana hawan tudu, yana kashe gwiwa.

Kuskuren da har yau in na tuna gabana ke faɗuwa ya faru ne wata safiya cikin hunturu, hazo ya rufe gari. Ina gudu a gefen titi, na ba wa motoci baya, na zo kauce wa wani rami sai na faɗa cikin hanya. Ban ji ham ba, ban ji birki ba. Iska kawai na ji a gwiwar hannuna, sai ga adaidaita sahu ta tsaya cak a karkace, wata mata a baya tana salati. Direban ya leƙo yana magana, bakinsa na motsi, ni ba na jin komai sai ganga. Da na zare iyafis ɗin, abin da na fara ji shi ne, "Malam, kurma ne kai?" Da gaskiyarsa. Tun daga ranar, in a titi nake, kunne ɗaya kawai nake sa wa, kuma ina fuskantar motocin da ke tahowa. Kunne biyu sai a cikin fili.

Maganar kurumtar ma ba wasa ba ce. Na sha dawowa gida kunnena yana ƙara ziii, in ce gajiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sauti mai ƙarfin desibel 80 (ma'aunin ƙarar sauti ke nan), baligi zai iya jin sa har awa 40 a mako ba tare da illa ba, amma in ya kai 90, awa 4 ne kacal. Ga gwajin da nake yi: in wanda ke gudu kusa da ni ya yi magana ban ji ba, na rage. Ba na wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarar wayar.

Sai kuma ranar da caji ya ƙare mini a kilomita ta biyu, na tsaya na juya gida da ƙafa, kamar fetur ne ya ƙare. A nan na gane na zama bawan abin. A 2007 hukumar guje-guje ta Amurka ta hana sa iyafis a tserenta, daga baya ta sassauta, amma ta bar hanin a kan masu neman kambu. In kana da burin gasa, ko ƙwallo kake bugawa, a fili ba ka da ganga sai numfashinka da ihun koci. Yanzu ranar Laraba a gida nake barin wayar. Makon farko na ji kamar an ƙara wa hanyar tsawo. A na uku ne na fara jin yadda ƙafata ta hagu ke dukan ƙasa fiye da ta dama, abin da ya shekara yana sa mini ciwon gwiwa ban san dalili ba.