Yadda na koyi auna sabon mai raba ƙwallo a gasar NBA

Sama da shekara 10 ke nan ina haɗa ɓangaren ƙwallon kwando a shirin wasanni na wani gidan rediyo. Minti 7 ake ba ni ranar Asabar, sauran lokacin na ƙwallon ƙafa ne, kuma na san can ne zuciyar masu sauraro take. Sai dai kafin in cika mintunan nan sai na hana idona barci, don wasannin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da daddare ake buga su a can, mu nan sai bayan tsakar dare suke riskarmu. A cikin aikin nan babu abin da ya ba ni wuya kamar faɗin ra'ayi a kan sabon shiga, musamman mai raba ƙwallo, wato wanda yake ɗauko ta daga baya ya tsara wa 'yan ƙungiyarsa hari.

Wanda ya fara koya mini hankali shi ne Michael Carter-Williams. Ranar Laraba, 30 ga Oktoban 2013, ya buga wasansa na farko a Philadelphia 76ers, kuma da Miami Heat ta su LeBron James suka haɗu, masu riƙe da kofi a lokacin. Yaron ya ci maki 22, ya miƙa ƙwallo 12 da aka jefa kwando, ya ƙwace 9 daga hannun abokan hamayya, suka yi nasara. Ranar Asabar na shiga ɗakin watsa shiri da zumuɗi na ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, na ce an samu sabon tauraro. Har ƙarshen kakar ina ganin na yi daidai, tunda shi aka ba kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa, da maki 16.7 a kowane wasa.

Akwai wani dattijo, tsohon koci, da yake horar da yara a wani fili kusa da unguwarmu. Shi ne ya tare ni wata yamma bayan la'asar, yana zaune a kan benci da usur rataye a wuyansa. Ya ce, “Ɗana, na ji ka a rediyo. Maki nawa ya ci na ji, amma sau nawa ya jefa?” Na ce, “Baba, ban duba ba.” Bai ƙara cewa komai ba, ya busa usur ya koma wurin yaransa.

Da na koma na duba, sai jikina ya yi sanyi. A duk jifa 10 da ya yi a kakar, kusan 4 ne kawai suka shiga. A jifa mai maki uku, wato wadda ake yi daga nesa, kusan kashi 26 cikin 100 ne kawai ya shiga. Ƙungiyarsa wasa 19 kacal ta ci cikin 82, har ta jera 26 ana doke ta, kuma ta fi kowace ƙungiya gudu da sauri a shekarar. Ƙungiya mai gudu tana samun hare-hare da yawa, ga shi babu wani ƙwararre da zai raba ƙwallon da shi, to dole alƙalumansa su kumbura. A Fabrairun 2015 Philadelphia ta musanya shi zuwa Milwaukee, daga nan ya yi ta yawo ƙungiya-ƙungiya, rauni ma ya dame shi, bai sake kai matsayin shekararsa ta farko ba. Ban ga laifinsa ba, ya yi iya ƙoƙarinsa. Ni ne na karanta alƙaluma ban tambayi inda suka fito ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa da Trae Young ya zo a 2018 na ɗaura ɗamarar ƙin yarda. A Jami'ar Oklahoma ya fi kowa cin maki a gasar jami'o'in Amurka, ya kuma fi kowa miƙa ƙwallon da aka ci, abin da ba a taɓa haɗawa ba kafin shi. Amma ɗan siriri ne, tsayinsa kamar santimita 185, wanda a NBA gajere ne. Ga wani nauyi a kansa: a taron da ƙungiyoyi suke zaɓen sabbin 'yan wasa bi da bi, Atlanta Hawks ta zaɓi Luka Doncic a lamba ta 3, ta miƙa shi ga Dallas, ta karɓi Trae da aka zaɓa a lamba ta 5. Duk daren da Luka ya haskaka, sai a juyo a kalli Trae. A watan Nuwamba jifansa mai maki uku ko kashi 20 cikin 100 bai kai ba, yana ta zubar da ƙwallo, ana ta doke su. Na rubuta a takardar shirina cewa Atlanta ta yi asara, saura in karanta.

Kafin Asabar na kai wa Baba koci wayata da bidiyon wasa guda cikakke. Muka zauna a bencin nan, yana kare hasken rana da tafin hannunsa. Duk lokacin da Trae zai jefa ko zai miƙa, sai ya sa ni in tsayar da hoton kafin ƙwallon ta bar hannunsa, ya ce in faɗi abin da ya kamata a yi a wurin. Na fara gane abin da yake nufi a wasan shinge, inda dogon ɗan wasa yake zuwa ya tsaya ya tare wa mai ƙwallo wanda yake tsaronsa. A daidai wannan lokacin mai ƙwallo yana da abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba ya karanta mutum uku: mai tsaronsa da ya maƙale a shinge, dogon abokin hamayya ko ya fito ko ya ja baya, da kuma na can kusurwa ko ya baro mutuminsa ya kawo ɗauki. Muka yi ta tsayarwa. Sau da yawa yaron ya ga abin da ya kamata ya gani. Yakan kalli hagu da ido don ya ja mai tsaro, sannan ya cilla dama da hannu ɗaya. Wasu daga ƙwallayen da aka lissafa masa a matsayin asara, tunanin daidai ne, ƙarfin jifar ne ko lokacinta ya ɗan kauce, ko kuma wanda aka miƙa wa bai zaci za ta zo ba. Wasu kuwa ganganci ne zalla, kamar jifa daga nesa ƙwarai alhali da sauran lokaci a agogo. Dattijon ya ce irin na farko wasa yana gyara shi, na biyun aikin koci ne. Wanda yake ba shi tsoro shi ne yaron da ba ya ganin fili gaba ɗaya, kansa a sunkuye yana kallon ƙwallo.

Sai ya nuna mini jifan kyauta, wanda ake ba ɗan wasa in an yi masa ƙeta. A nan babu mai tsaro, babu gaggawa, hannun mutum ne kawai da kwando. Trae ya gama shekarar da kusan kashi 83 cikin 100, Carter-Williams kuwa 70 ya samu a tasa. Hannun da yake da saiti a jifan kyauta, in ya daina shiga daga nesa, galibi gajiya ce ko rashin zaɓen lokacin jifa. Na kuma lura John Collins, wanda zai riƙa yi masa shinge yana tsalle ya karɓa a sama, bai buga wasanni 15 na farko ba saboda ciwon idon sawu. Mai raba ƙwallo da ba shi da wanda zai raba wa, yaya za a auna shi?

Na yaga takardar. Ranar Asabar na ce wa masu sauraro a ba yaron lokaci, na faɗi dalilaina. Bayan hutun tsakiyar kaka ya koma cin maki kusan 25 a wasa tare da miƙa 9. Ranar 1 ga Maris 2019 ya ci 49 ya miƙa 16 a wasansu da Chicago Bulls da aka yi ƙarin lokaci har sau 4, ko da yake an doke su. Luka ne ya ɗauki kyautar gwarzon sabbin 'yan wasa, kuma ya cancanta. A 2021 Trae ya kai Atlanta wasan ƙarshe na yankin Gabas, inda Milwaukee ta fitar da su.

Tun daga lokacin ba na yanke hukunci a kan sabon mai raba ƙwallo sai na kalli wasanninsa cikakku da dama, har da waɗanda aka lallasa su, domin gajerun bidiyon da ke yawo a intanet abin da ya shiga kawai suke nunawa. Ina da littafi da nake rubuta kowace asarar ƙwallo in ware ta: ta rashin gani, ta kuskuren hannu, ko ta ganganci.

Inda har yanzu nake da rauni shi ne tsaro. A nan ne Trae ya daɗe yana shan suka, kuma da gaskiyar masu sukar, don ƙungiyoyi sukan nemo shi da gangan su kai hari ta wurinsa saboda ƙanƙantar jikinsa. A ranar da muka kalli bidiyon nan ban ga wannan ba sam, idona yana bin ƙwallo kamar yadda kyamara take binta. Da na faɗa wa Baba koci haka, sai ya ce in zo filinsa in zaɓi yaro ɗaya in zuba masa ido tun daga farkon wasa har ƙarshe, ko ƙwallon tana ina. Makon jiya na yi, na zaɓi wani ɗan ƙaramin yaro mai jar riga, kuma sau uku ina kama kaina na bar shi na bi ƙwallo.