Sawun giwa da ruwan Wikki

Tun da Ummi ta fara tafiya da ƙafarta, kowane lokaci na shekara da inda muke kai ta. Da Sallah kallon Hawan Daushe ne, tana bisa wuyana. Da damina ƙauyen kakanninta, ta ga gero ya yi kore shar. Da kaka ta koma ta ci ɗanyar gyaɗa a bakin gona. Hunturu ne kaɗai muke kulle ta a ɗaki don gudun mura. Bana da ta cika shekara 4, mamanta ta ce yarinyar nan kullum maganarta giwa, a kai ta Yankari ta gani da idonta mana. Da aka ba da hutun Disamba sai muka shirya.

Ana idar da sallar Asuba muka bar Kano. Hazo ya rufe gari, fitilar mota ma da ƙyar take huda shi. Mamanta ta shafe ta da man kaɗanya har cikin hanci, ta sa mata hular sanyi da safa, ta naɗe ta a bargo. Kafin mu kai gadar Wudil ta yi barci. Ta farka a Birnin Kudu da tambayar ko mun zo, ta sake yi a Ningi, inda duwatsu suka fara tasowa gefen hanya ta ce su ne giwayen. Kano zuwa Bauchi kimanin kilomita 300 ne, kuma mai tafiya da ƙaramin yaro sai ya ƙara awa guda a lissafinsa, ta tsayawa fitsari da miƙe ƙafa.

A Bauchi muka yi Azahar, muka ci masa da miya, aka ƙulle mana saura a leda. Daga nan muka ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, muka karkata dama har ƙofar Mainamaji, inda ake biyan kuɗin shiga. Kada mutum ya ga ƙofa ya ce ya iso: akwai wajen kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki. A nan na rage gudu, na sauke gilashi. Zabi suka tsallaka titi a jere, Ummi ta ƙirga su har bakwai ta koma ɗaya.

Muna sauke kaya aka yi mana maraba irin ta Yankari. Mamanta na riƙe da ledar masa, wani ƙaton gwaggon biri ya taho a natse kamar mai wucewa, ya fizge ledar, ya haye rufin ɗaki ya zauna yana warware ta da yatsu. Ummi ta tsandara ihu ta ƙanƙame ƙafata, jikinta na rawa. Wani ma'aikaci ya zo da sanda ya kore shi, ya durƙusa daidai tsayinta ya ce, “Yi haƙuri 'yar Baba, yunwa yake ji, ba ke yake nema ba.” Sannan ya juyo gare ni: “Alhaji, kada a bar ta da abinci a hannu a waje, ko biskit ne. Ƙofa kuma a riƙa murza mukulli, sun iya buɗewa.” Wannan gargaɗi na riƙe shi da gaske har muka tafi, domin haƙoran da na gani a bakin dabbar nan ba na wasa ba ne.

Da La'asar muka gangara matakala zuwa Wikki. Na sha jin labarin ruwan, amma gani ya kori ji. Daga ƙarƙashin wani dogon dutse yake ɓulɓulowa, garai-garai, kana hango farin yashin ƙasansa da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. A hunturu, lokacin da iska ke tsaga leɓe, shiga cikinsa kamar shiga ruwan wankan jego ne da ya huce daidai. Wajen dutsen yana da zurfi, ya kusa shanye babban mutum, don haka muka tsaya can ƙasa inda bai wuce gwiwata ba.

Da farko Ummi ta ƙi. Yarinyar da ta san ruwan Disamba a Kano, wanda sai an dafa kafin ta yarda a taɓa ta da shi, ba za ka ce mata wannan daban ne ta yarda ba. Na zauna a bakin ruwan na zura ƙafafuna, ban ce mata komai ba. Can ta tsoma babban yatsa ta janye. Ta sake tsomawa. Ta dube ni da mamaki ta ce, “Abba, wa ya dafa shi?” Na ce Allah ne ya dafa shi a cikin ƙasa. Ta yi shiru tana juya maganar, sannan ta miƙo hannu biyu in ɗauke ta. Na riƙe ta a ƙirji muka shiga a hankali, ina jin bugun zuciyarta yana lafawa. Minti goma bayan nan tana dukan ruwa da tafi, tana ɗebo yashi tana kallon yadda yake zubewa ta tsakanin yatsunta. Sai da Magariba ta kawo jiki muka fito da ita da lallashi, kuma nan ne wurin kula: iskar waje ce ke kama yaro, don haka tawul da rigar sanyi su kasance a hannu tun kafin a fito.

Washegari da sassafe muka hau motar zagaya daji tare da ɗan rakiya. Dajin nan ya haura murabba'in kilomita 2,200. An keɓe shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, gwamnatin tarayya ta riƙe shi daga 1991 kafin ya dawo hannun jihar Bauchi a 2006, kuma garken giwayensa na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Mun ga gwambaza a bakin kogin Gaji, mun ga gadu da 'ya'yanta sun ɗaga wutsiya tsaye suna gudu, abin da ya sa Ummi dariya har da tuntsurawa a cinyar mamanta. Ƙudan tsando kuwa ya cije ni a wuya. Na gode wa Allah da doguwar rigar da aka sa wa yarinyar.

Giwa dai ba mu gani ba. Ɗan rakiyar ya ce a Disamba ciyawa ba ta gama kwanciya ba, kuma akwai sauran ruwa a tafkuna, shi ya sa dabbobi ke warwatse. Sai bazara, wajen Maris da Afrilu, ƙishirwa ke tattaro su bakin Gaji. Amma zafin wannan lokacin ba na ɗan shekara 4 ba ne, kuma ko yau aka ce in sake zaɓa, hunturun zan ɗauka.

Raina ya ɗan sosu saboda alkawarin da na yi mata. Muna hanyar dawowa ɗan rakiyar ya sa direba ya tsaya, ya duba gabas da yamma, ya ce mu sauko. A busasshen taɓo ga wani rami mai faɗin faranti, ga wani a gabansa, ga wani. Sawun giwa. Ya ɗaga Ummi ya dire ta a ciki, ƙafafunta biyu da takalma suka shige har da sauran fili. Gefe guda ga tulin kashinta, ya sa sanda ya tona, sai ga ƙwallayen aduwa a ciki. Ya ce mata, “Kin ga, abin da kike tsotsa ita ma shi take ci.” Ya ƙara da cewa idan gero da dawa suka nuna, giwayen kan fita su shiga gonakin ƙauyukan da ke kewaye, dare ɗaya su cinye wahalar shekara. Tun daga nan na daina yi wa dajin kallon wurin shaƙatawa kawai. Akwai manoman da ke biyan kuɗin wannan kallo namu da hatsinsu, kuma ya kamata a riƙa tunawa da su.

Ummi ta daɗe tsaye cikin sawun, ta ƙi fita. Ta tambayi ina giwar ta tafi, aka ce ta je shan ruwa. Ta ce to a gaya mata na Wikki ya fi ɗumi.

Mun sake shiga ruwan kafin mu kama hanya. A mota, tun kafin Dindima, ta sa na yi mata alkawarin kiran Hajiya idan mun isa gida, don ta faɗa mata da bakinta cewa ta tsaya a cikin ƙafar giwa.