Abin da karatun bincike ya sauya min a jinyar masu sankarar tumbi

Da na koma ƙaro karatun jinya a nan Kano, sai na zaɓi in rubuta aikina na ƙarshe a kan kula da masu ciwon dajin tumbi, domin na daɗe a ɗakin marasa lafiyar tiyata ina ganinsu. Na tattara abin da ma'aikatan jinya na duniya suka wallafa, na yi ta karantawa bayan na tashi daga aiki.

Mafi yawan takardun daga Sin, Japan da Koriya ta Kudu suka fito, inda cutar ta fi yawa. A Koriya, duk wanda ya kai shekara 40 yana da damar a zura masa na'urar leƙa ciki duk bayan shekara biyu, don haka da yawa ana gano su tun ciwon yana ƙarami. Namu kuwa sai sun shekara suna shan maganin olsa daga kemis, sun rame, amai ya ƙi tsayawa, bayan gida ya yi baƙi, sannan a kawo su. Alhali tun 1994 hukumar binciken sankara ta duniya ta sanya ƙwayar H. pylori, wadda ke haddasa gyambon ciki, cikin masu jawo wannan daji. Shi ya sa ba kowace shawara ta takardun nan na ɗauka ba, sai na tambayi kaina wane irin majinyaci suke nufi.

Tsofaffin rubuce-rubucen duk a kan rauni, bututu da zubar jini suke. Na baya-bayan nan sun karkata ga tsarin hanzarta warkewa da ake kira ERAS, wanda likita ɗan Denmak, Henrik Kehlet, ya share wa hanya a shekarun 1990, aka kuma fitar da ƙa'idojinsa na tiyatar tumbi a 2014. A taƙaice: a rage dogon hana cin abinci, a magance zafi da kyau, a tayar da mutum ya taka tun washegari. Da muka fara gwadawa da izinin likitoci, dangi masu jinya ne suka fara tare ni. Wata dattijuwa ta ce min, “Haba Sista, jiya fa aka yanka shi, ki bar bawan Allah ya huta.” Na ce, “Mama, kwanciyar nan ita ke tara masa majina a huhu, ta daskarar da jini a ƙafa. Ki kama wancan hannun, in kama wannan.” Da ita muka kai shi bakin ƙofa muka dawo. Tun daga nan nake fara yi wa mai jinya bayani kafin a shiga tiyata.

Inda binciken ya fi yi min amfani shi ne abinci. Wanda aka yanke wa tumbi, abinci yana zarcewa hanjinsa da sauri, musamman mai zaƙi. Cikin rabin awa sai gumi, jiri, bugun zuciya da gudawa. Wani kuma sai bayan awa ɗaya zuwa uku sukarin jininsa ya faɗi, ya kama makyarkyata. To, me 'yan dubiya ke kawowa? Kunu da sukari har ya yi kauri, lemon kwalba, fura mai zuma. Da zuciya ɗaya suke yi, amma shi ke kayar da shi. Takardun suna lissafa abincin da ba a dafa shi a Fagge ko Gwale, sai na zauna da mai ba da shawarar abinci muka mayar da shi tukunyarmu: ƙwai, kifi, alala, tuwo mai laushi da miyar kuka, kunun gyaɗa ba sukari. Kaɗan-kaɗan, sau shida zuwa takwas a yini, a tauna sosai, ruwa kuma sai bayan kamar rabin awa. Wannan bayani matar gida ko 'yar da ke girki nake yi wa, don majinyacin ba shi ke riƙe da ludayi ba.

Wanda aka cire wa tumbi gaba ɗaya yana buƙatar sinadarin bitamin B12 har ƙarshen rayuwarsa, galibi ta allura, saboda abin da ke taimaka wa jiki ya tsotse shi a tumbin ake samar da shi. Na sa ana rubuta wannan a katin sallama da manyan baƙaƙe.

Masu bincike yanzu sun damu da bibiya bayan sallama, wasu har manhajar waya suke ƙirƙira. Mu saƙon murya na WhatsApp ya wadatar, tunda ba kowa ke karanta boko ba. Ina tambayar nauyi, amai, da abin da aka ci jiya. Ta nan ne na ji wani yana shirin ɗaukar azumi wata biyu bayan tiyata, yana jin kunyar a gan shi yana ci. Na haɗa shi da likitansa, na kuma roƙi babban ɗansa ya kai shi wurin malamin unguwarsu, wanda ya karanta masa rangwamen da aka yi wa mara lafiya a Suratul Baƙara. Daga bakin malam ya karɓa.