Godiya ga duk wanda ya tsaya wa yaranmu

Alhamdulillah, an yi gasar haɗa na'ura da ɗalibanmu suka shiga a Yaba, nan Legas, an gama, kowane yaro ya koma hannun iyayensa lafiya, ni kuma sai yanzu na iya zama in rubuta wannan don jiya ko takalmi ban cire ba barci ya kwashe ni. Kun ga hotuna kun ga sakamako, na uku muka zo, ba sai na maimaita ba. Wallahi ba mu raina ba.

Abin da nake so in faɗa shi ne na daren jajibirin gasar, don da yawa ba ku sani ba. Kun san na'urar da yaran suka haɗa, ta gargaɗin ambaliya ce, su suka zaɓa da kansu saboda yawancinsu 'yan unguwannin Mile 12 da Agiliti ne, sun san yadda ruwa ke shigo musu ɗaki idan damina ta yi ƙarfi aka saki ruwan dam ɗin Oyan kogin Ogun ya cika. Bayan isha'i muna gwajin ƙarshe sai wayoyi biyu suka haɗu, muka ji ƙauri, fitilar allon Arduino, wato 'yar kwamfutar da ke sarrafa na'urar, ta mutu ɗif. Ba wanda ya yi magana. Yarinyar da ta rubuta yawancin lissafin da ke tafiyar da na'urar ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da hijabi, ni kuma ina tsaye ina lissafi, Computer Village, kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja, an tashi tuntuni, ga ba wuta a layin, ga shi ƙarfe takwas na safe ake son mu a Yaba.

Baba mai gyaran rediyo na gefen masallacinmu, na san ka ce kar in ambace ka, ka yi haƙuri, ban faɗi suna ba amma duk unguwa an san ka. Har ya kwanta muka buga masa ƙofa. Ya fito da tocila a baki, ya shinshina allon, ya taɓa shi da mita, ya ce Malam ƙwaƙwalwar tana nan da rai, ɗan abin da ke rage wuta zuwa bolt 5 ne ya ƙone. Ya zazzage wani buhu na matattun DVD ya ciro wani abu mai ƙafa uku, 7805 yake kiransa, to da me za a yi soda babu wuta? Sai ya ɗauki tsohon ƙarfensa ya tafi wajen mai shayi ya cusa a garwashi, in ya yi zafi ya dawo da sauri ya ɗiga dalma, in ya huce ya koma. Dattijo mai furfura yana safa da marwa tsakanin teburin shayi da benci saboda 'ya'yan wasu. Da fitilar nan ta kawo kore, yaran nan ihun da suka yi sai da maigadi ya leƙo. Na miƙa masa kuɗi ya ture hannuna, wai in saya wa yara burodi da safe. Baba, Allah ya haskaka maka kabari kamar yadda ka haskaka mana daren nan, Allah ya shirya maka zuri'a, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya kai ka Makka da Madina, amin.

Mai shayin ma na gode, garwashinka da kofi-kofin da ka yi ta zuba wa yara ba ka karɓi sisi ba. Hajiya mai abinci da ta riƙa aiko kula duk Asabar ɗin da muka yi atisaye, Allah ya ƙara buɗi. Ɗan'uwanmu Inyamuri na Ikeja da ya rage mana kuɗin sensa har ya ƙara mana wayoyi kyauta, da direban danfo Bayarabe da ya bi da mu Ojota, Maryland, Jibowu a hankali don kar kwalin ya girgiza, an gode. Hedimasta da malamai, kun riƙe min azuzuwa ba ku yi ƙorafi ba, ina sane.

Iyaye kuma ban san me zan ce muku ba, musamman iyayen 'yan matan da suka yarda aka riƙa tsayawa bayan an tashi duk da surutun mutane. Da kun ga 'yarku a gaban alƙalai. Aka tambaye ta yadda abin ke gane ruwa ya taso, ta ce sensa na harba sautin da kunne ba ya ji, ya bugi ruwa ya dawo, sauti na tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa ɗaya, sai a lissafa lokacin a raba biyu a san nisa, in ruwan kwata ya matso fitila ta koma ja ƙararrawa ta tashi. Ko gargada babu. Ni da na koya mata sai da na juya baya na share ido.

Akwai 'yan'uwa a nan cikin Legas da na sanar da su tun da wuri, na zaci ko leƙowa za su yi, an ce gosulo ne. To Allah ya sa haka ne, ba komai. Mutanen Kano da Katsina da suka yi ta kira suna addu'a, ta iso.

Allah ya yi wa yaran nan albarka, ya sa su fi mu, ya raba su da sharrin zamani, ya saka wa kowa da mafificin alheri. Wanda ya ara mana fawa bank baƙi mai tsagewa a gefe, dan Allah ya yi min magana, yana wajena na rasa na waye. Yara kuma Litinin akwai makaranta, kar wanda ya ce min gajiya.